Takalmin da Tsinke Ya Auno

Abin da kawai ake bukata daga gare ni ranar shi ne in yi shiru in sha shayina.

Madam Ummul Khairi, direktris, wato shugabar kolej ɗin da nake koyarwa a Zinder, ta leƙo ɗakin malamai ta ce malaman lissafi sun yi mata yawa. Mu biyu ne, ni da Garba, amma daga sama an ce ɗaya ya isa, ɗayan a tura shi Gidimuni. Kowa a ɗakin ya san wanda za a tura. Na riga Garba shiga aiki da shekaru, ga furfura, ga gidan da na gama ginawa a Karkada ko fentinsa bai gama bushewa ba. Har Garba ya fara tambayar ko akwai wuta a Gidimuni.

Sai Madam ta ƙara da cewa, da ma a ce akwai mai iya riƙe mata darasin espor, wato motsa jiki, da ta san yadda za ta yi ta riƙe mu duka biyun.

Garba taubashina ne, ɗan kawuna. Al'ada ta ba shi izinin zagina ko a gaban wa, kuma bai taɓa barin izinin nan ya kwana bai mora ba. Ya dubi cikina ya ce, "Madam, kada ma ki dubi wajen Alkasum. Wannan in zai ɗaura igiyar takalmi sai an tara masa mutane."

"Bawana," na ce masa, "lokacin da nake jami'a a Yamai da gudu nake karya kumallo. Maraton ɗin da na yi, ni kaina na daina tuna yawansu."

Ban san daga inda maganar ta fito ba. Tare da kowa na ji ta.

Madam ba ta yi dariya ba, kuma wannan shi ne babban aibinta. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ƙungiyar matasan gari na shirya maraton nan da ƴan makonni, a zagaya gari, a miƙi hanyar Mirya, a dawo. Kai za ka wakilci makarantarmu. Ban ce ka zo na ɗaya ba, Mushe Alkasum." Mushe, wato Malam a bakin masu Faransanci. "Ba gaggawa. Ka dai iso ƙarshe da ƙafarka. In ka iso, espor naka ne, kowa ya zauna. In ba ka iso ba, to wanda ya faɗa mini abin da ba shi ke nan ba, shi zai fi dacewa da iskar Gidimuni."

Garba ya tashi ya zuba mini shayi da hannunsa. Tun muna yara bai taɓa yi ba.

A gida na tarar da matata Wasila tana tankaɗe. Na yi mata bayani a tsaye, hannu a aljihu.

"Gudu, Baban Khalid?" ta ce. "Kai da ranar da wuta ta kama madafa sai da ka tsaya neman hularka?"

"Wannan natsuwa ce. Ita ake nema a maraton."

"Ka dai tuna shekara nawa muka yi muna zuba bulo a gidan nan."

"Ki kwantar da hankalinki. Mutanen yanzu ba da ƙafa suke gudu ba, da takalmi suke yi. Wanda ya samu takalmin da ya dace ya gama rabin tafiya tun yana gida."

Sauran rabin ban tsaya tunaninsa ba. Ba na son haɗa aiki biyu a lokaci ɗaya.

Na duƙufa karatu a salula. Kafin mako ya zagayo na zama malamin takalmi. A fadarmu ta gindin dogon yaro, inda muke shan shayi da la'asar, na bayyana wa jama'a cewa basket, wato takalmin gudu, iri-iri ne. Akwai mara nauyi na masu gaggawa, wanda ba na mai hankali ba ne. Akwai na hawan duwatsu. Sannan akwai babbansu, mai kaurin ƙasa da laushi kamar sabuwar katifa, wanda aka yi don gudun sannu a kan kwalta da doguwar tafiya, yana shanye duk dukan da ƙasa ke yi wa gwiwa. Kuma sharaɗi ne a bar sararin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, don ƙafa na kumbura in tafiya ta yi nisa.

"Taka tafiyar za ta yi nisan da ƙafa za ta kumbura?" in ji Garba.

Na ce masa ilimi ba na bayi ba ne.

Na shiga Kasuwar Dole wajen Ɗanjuma mai takalman bosho, waɗanda Turawa suka sa suka gaji. Ya zube mini tsibi guda. Na ɗauki kowanne, na latsa ƙasansa da yatsa, na lanƙwasa, na ƙwanƙwasa, na kai kunne.

"Mushe," ya ce, "takalmi kake saye ko kankana?"

"Laushin wannan ya mutu. Wani ya riga ni shanye shi."

"To ai shi ya sa yake bosho."

Na ɗauki wani. "Wannan kuma ya yi tauri. Gwiwa za ta sha wuya."

"Wai gudun ina za ka yi ne?"

"Mirya, in dawo."

Ya dube ni daga hula har ƙasa, ya ɗan daɗe a tsakiya. "Akwai motoci fa, Mushe. Yanzu ma ɗaya ta tashi."

Na bar masa tsibinsa. Na yanke shawara sabo fil zan sa, daga Kano. Maƙwabcinmu Ɗanƙarami direba ne, duk mako yana shiga can.

Sai maganar lamba ta taso. Salula ta nuna mini cewa ƙafa ɗaya lamba uku gare ta: Faransawa na ba ta wata, Ingilawa wata, Amurkawa wata, kuma kowane kamfani na da nasa ra'ayin a kai. Na yi shekaru ina koyar da lambobi, na san ba abin ba amana ba ne. Sai na koma ga abin da iyayenmu mata ke yi in Salla ta ƙarato: a zaro tsinke daga tsintsiya, a auna ƙafar yaro, a karya daidai, a ba mai zuwa kasuwa. Tsinke ba ruwansa da Faransa, ba ruwansa da Amurka. Na taka ƙasa, na auna daga diddige zuwa babban yatsa, na ƙara faɗin yatsan hannu yadda masana suka ce, na karya. Na ba Ɗanƙarami tsinken, na nuna masa hoton a salula, na yi ta nanata masa har ya fara amsawa kafin in faɗa: mai laushi, mai kauri, daidai tsinke.

"Mushe, ka ɗauka an gama," ya ce.

Ranar da ya dawo na sa ya kawo kwalin fada, don a buɗe a gaban shaidu. Har waɗanda ba ƴan fadarmu ba sun hallara. Na ɗaga murfin a hankali.

Launinsu ruwan lemo ne mai ƙyalli, irin wanda ake hangowa daga wata unguwa. Ƙasansu ya kai kaurin burodi, laushin ma haka. Duk wannan daidai ne. Abin da ya ɗan ja hankali shi ne tsawonsu. 

"Mutum nawa ke shiga ɗaya?" in ji Garba.

Na dubi Ɗanƙarami. Fuskarsa cike take da farin cikin wanda ya yi abin kirki.

"Da tsinken Hajiya na yi aiki," ya ce.

"Wace Hajiya? Ni na ba ka tsinke."

"Ka ba ni. Amma kafin in tashi Hajiya Wasila ta aiko da wani, ta ce naka ya yi cif-cif, kada a sayo abin da zai matse ka. Ni kuma da na isa, na tuna ka ce ƙafa na kumbura, sai na ɗora yatsu biyu a kai. Ba zan so a ce ta hannuna ka samu ciwo ba."

"Shi ke nan?"

"Sai mai shagon. Da ya ji malamin makaranta ne daga Damagaram, ya ce ai Damagarawa abokan wasansu ne, ba za a rabu ba gyara ba. Ya ɗauko na gaba da shi ya ba ni. Mutumin kirki, wallahi. Ya ce a gaishe ka."

Da na tuhumi Wasila daga baya, ta ce ita tun da take ba ta taɓa saya wa ɗan gidan nan takalmi daidai ƙafarsa ba, kuma ba wanda ya mutu. Na ce mata yara girma suke yi. Ta dubi cikina ta ce ni ma ban tsaya ba.

Amma a fada ba lokacin tuhuma, idanu na kaina. Mutum uku sun yi mini alheri, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ba kuma yadda za a yi in naɗe alherin in mayar Kano. Na zura ƙafa. Ta shiga, ta yi ta tafiya, ba ta gamu da kowa ba.

"Haka ake yin su," na ce. "Ƙwararru ba sa son yatsa ya san inda takalmi ya ƙare."

"Allah Ya ƙara sani," in ji jama'a.

Da na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan gyara kimiyyar. Na cusa auduga a gaba. Ba ta isa ba. Na buɗe kwandon ɗinkin Wasila, na kwashi ƙyallayen atamfa na danna a kai, ban tsaya tambayar ko na mene ne ba. Na sa safa a kan safa a kan safa. Da na ɗaure igiya tamau, takalmin ya yarda zai bi ni, in dai ban yi masa gaggawa ba.

Saura atisaye. A nan ma karatu ya taimake ni. Na gano cewa laushin takalmi ƙarewa yake yi da yawan takawa, kamar sabulu. Wauta ce ke nan mutum ya ƙarar da shi tun kafin ranar. Na mayar da su kwali, na tura ƙarƙashin gado, na fita da silifas ɗina na alwala.

Masana sun ce yawancin shirin maraton gudun sannu ne, sannun da mutum zai iya hira yana yi. A wannan fanni ba na jin akwai wanda ya kamo ni a duk Damagaram. Matsalar garin ne. Wanda ya rubuta tsarin bai san Zinder ba, bai san magidanci ba ya wuce dattijo a guje ya ɗaga masa hannu kawai ba. Ina fitowa bayan sallar asuba, dattawa na fitowa daga masallaci.

"Mushe, lafiya? Jikin iyalin ne?"

"Lafiya lau, Baba. Motsa jiki nake yi."

"To, Allah Ya sawwaƙe. Tsaya mu gaisa."

Sai a gaisa: kwana, gajiya, iyali, aiki, zafi, da labarin wanda ya rasu a Birni. Kafin in ɗaga ƙafa wani ya iso, a sake daga farko. In na kuɓuta daga dattawa sai in faɗa hannun Rabi mai ƙosai, wadda ta ji labari ta ɗau nauyin ƙarfafa ni. "Mushe, ba a gudu da yunwa. Karɓi, yanzu na kwashe." Ƙin karɓa kuwa wulaƙanci ne. Wata safiya wata tsohuwa ta ga hanyarmu ɗaya, ta ɗora mini ƙullin geronta zuwa injin niƙa, kuma ta riga ni isa.

Garba ya zo rannan da motonsa, wato babur, wai zai raka ni ya ga ci gaba. Moton ya yi ta mutuwa. Ya ce ba a ƙera injin don tafiya a hankali haka ba. Ya sauka ya tura, ya jira ni a kwana.

Ana saura kwanaki Madam ta tare ni a bakin aji. Ta rage murya ta ce, "Mushe Alkasum, mutum kan yi magana a cikin raha. In akwai abin da kake so ka janye, ofishina a buɗe yake, ba kuma wanda zai ji."

Hanya ce ta buɗe mini, shimfiɗaɗɗiya, har da inuwa. Sai na hango Garba a bayan taga ya kasa kunne.

"Madam," na ce, "abin da kawai ke damuna, Mirya ta yi kusa. Na so a ce Takieta ce."

Ta ce Allah Ya kai mu. Ana gobe tsere Wasila ta buɗe ƙugun gajeren wandon da aka ɗinka mini don ranar. Ƙosan Rabi sun ƙara mini tumbi. 

Gari ya waye da ɗan sanyi. Wurin tashi ya cika da samari marasa ciki, sojoji da ɗaliban lise, wato babbar sakandare, da wasu dogaye da aka ce daga Tanut suka zo. Amma ba wanda aka kalla kamar ni, ko in ce kamar ƙafafuna. Wani ɗan gidan rediyo ya kafa mini makirfo, na yi masa bayanin laushi da kauri da sararin yatsa, na kuma ja hankalin matasa kada su yi gaggawa, don maraton a ƙarshe ake cin sa. Sun ji shawarar, ba su ɗauka ba. Ana hura usur suka ɓace.

Gaskiya, takun farko daɗi gare shi, kamar mutum na tafiya a kan fanke. Sai dai ni da takalmin ba mu cika tafiya lokaci ɗaya ba. Ƙafa ta tashi, ya yi ɗan tunani, sannan ya biyo, ya faɗi a kan kwalta faf, kamar ana kaɗe tabarma. Faf, faf. Awaki suka bar hanya. Mata suka leƙo ta kan katanga.

Bayana ba kowa sai ambilans da aka ce ta bi na ƙarshe. Direbanta ya yi haƙuri iya haƙuri, sannan ya zuro kai.

"Mushe, ka shigo mana mu duka mu huta."

Na so in ba shi amsa, amma na lura numfashin da nake da shi ba zai ishi gudu da magana ba. Ashe gudun da ba a tsayawa gaisuwa wani abu ne daban. Wani abu ya soke ni a haƙarƙari. Ƙosan Rabi suka fara tambayar hanya.

Wurin shan ruwa na farko makarantarmu aka ba, a bakin gari, inda kwalta ke miƙewa zuwa Mirya. Madam na wurin a ƙarƙashin laima, Garba na wurin, ɗalibaina na wurin da bokitai da ruwan leda. Masu gudun gaske sun wuce su fuu, ba wanda ya tsaya, saboda haka duk ruwan da duk ƙaunar ni suke jira.

"Ga Mushe! Ga Mushe!"

Na ɗaga hannu in ce kofi ɗaya ya isa. Suka ɗauka kira ne. Bokiti ya sauka a kaina, wani a ƙirji, wani kuma ɗalibin da na taɓa ba sifiri ne ya juye mini shi cikin natsuwa. Ruwan ya bi ƙafa ya gangara cikin takalmi, inda auduga ke zaune tana jira. Ta sha, ta ƙoshi. Kowace ƙafa ta koma kamar an ɗaura mata tulu. Faf ya koma cakwal. Ƙyallayen da na danna suka jiƙe, suka saki jiki, suka fara leƙowa ta bayan diddige. Ɗaya ya zaro dogo yana bi na a ƙasa kamar wutsiya.

Daidai wurin nan ne gidan surukina, Alhaji Suma'ila, mahaifin Wasila. Matan gidan da na maƙwabta sun cika ƙofa suna kallo. Wata ta ƙura wa wutsiyar ido.

"Ke Wasila, wancan ba ankon bikin Rahama ba ne?"

"Shi ne wallahi! Mai zanen ganyen nan!"

"Hannun rigata!" Muryar Wasila ta tsaga taron. "Baban Khalid, hannun rigata ne! Tun yaushe nake nema!"

Na waiga in yi bayani, na hango wani bokitin tafe. Na kauce, na sauka daga kwalta. Gefen hanyar nan tun safe ake ɓarin ruwa a kansa, ya zama taɓo. Masana sun faɗa, ni ma na faɗa wa fada da bakina, cewa takalmin nan na kwalta ne. Ƙafar dama ta nutse, ta hagu ta bi ta. Na yunƙura. Ƙafafuna suka fito salin alin, takalman suka zauna inda suke, a jere, kamar an ajiye su a ƙofar masallaci.

Jiki kuwa ya riga ya yi gaba. Na yi taku kaɗan da safa, gwiwoyina suka ce iyakarsu ke nan. Na zube a durƙushe, hannu biyu a ƙasa, kai a sunkuye, daidai bakin tabarmar da Alhaji Suma'ila ke zaune da abokansa dattawa.

 Alhaji ya dubi takalman can baya, ya dube ni, ya ajiye carbinsa.

"Allahu akbar," ya ce. "Kun gani? A tsakiyar tsere. Duniya na kallo. Bai yarda ya wuce surukinsa da takalmi a ƙafa ba."

"Tarbiyya ke nan," in ji na damansa. "Yaran nan da suka wuce ɗazu, akwai wanda ya ko dube mu?"

Na tattara sauran numfashina. "Ina... kwana, Baba."

"Lafiya lau, Alkasum. Ina gajiya?"

"Ba... gajiya."

Ya tambayi aiki. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi Wasila, wadda ke tsaye a bayansa tana huci. Dattawan ma kowa ya karɓi tasa gaisuwar. Ban taɓa jin daɗin doguwar gaisuwa irin na ranar ba, da za su sake daga farko da na gode. Sannan Alhaji ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a, aka shafa.

"To tashi, ɗana, ka bi abokanka. Kada mu tsare ka."

Na aika wa ƙafafuna saƙo. Shiru. Na sake aikawa. Cinyoyina suka ɗaure kamar itace.

"A'a, Baba," na ce. "Ba na tashi kana zaune."

"Kun ji kuma!" in ji Alhaji. Wani dattijo ya share ido da bakin rawani.

Garba ne ya ciro takalman daga taɓo. Ya ɗaga su sama, ɗaya a kowane hannu, ruwa na tsiyaya, hannun rigar Wasila na reto, ya zagaya da su gaban jama'a yana tambaya ko akwai mai iyali da ke neman ɗakin haya. Dariyar da aka yi, har direban ambilans ya kashe mota ya fito don ya ji da kyau.

Madam Ummul Khairi ta iso da laimarta ta tsaya a kaina. Ta dube ni a jiƙe, da safa, a durƙushe. Na rantse tausayi na gani a fuskarta. Ta buɗe baki, kuma har yau ina da yaƙinin cewa za ta yi a bar maganar.

Alhaji ya riga ta.

Akwai abin da ban faɗa muku ba, don ban cika son tunawa ba. Alhaji Suma'ila mutumin Gidimuni ne. Kasuwanci ya kawo shi Zinder, amma ƙannensa na can, da ƴaƴan ƙannensa, da rabin garin.

"Hajiya, ke ce shugabarsu?" ya ce. "Na ji an ce za ku tura wa garinmu malami. Ina roƙon arziki. Lissafi, ko wa kuka tura zai koyar. Amma irin wannan ladabi yaranmu ba su taɓa gani ba. Ki ba mu shi."

"A ba mu shi," in ji dattawa, har da waɗanda ba su taɓa taka Gidimuni ba.

Madam ta dubi dattawan, ta dubi taron, ta rufe laimarta. "Baba, ai ba a musu da manya."

Garba ya ajiye takalman, ya durƙusa kusa da ni, ya yi wa Alhaji godiya a madadin dangi.

Ina nan a bakin tabarma aka kawo kunu, aka sha, rana ta ɗaga. Ina nan na farkon ya dawo daga Mirya ya wuce, jama'a na ihu. Ban dubi abin da ya sa a ƙafa ba. Daga baya aka ɗauke ni yadda nake, a naɗe, aka sa a ambilans. Direban ya ce da na ji maganarsa tun farko da yanzu ya karya kumallo.

Damina ɗaya ke nan ina Gidimuni. Gidan Karkada Garba ke ciki, wai yana tsare mini shi daga ɓarayi. Labarina ya riga ni isowa, kuma ya yi ƙiba a hanya. A nan cewa ake ina gaba da kowa, saura ƙiris in ci, na hango surukina na watsar da nasara. Ban gyara musu ba. Ba kyau baƙo ya fara da musu.

Wahalar ita ce, suna irin wannan sai an ciyar da shi kullum. Garin nan duk mai furfura surukina ne ta wata hanya. Daga gida zuwa makaranta, in na sa takalmi a ƙofa, kafin in kai kwana na cire, in durƙusa, in tashi, in sa, in hango wani tafe da sanda. Na gaji na daina sawa, a hannu nake riƙe su. Iyaye na nuna ni ga ƴaƴansu. Tafin ƙafata ya yi taurin da ƙaya ke karyewa a kai. Durƙusawa da tashi kuwa sun yi nasu aikin ba tare da an tambaye ni ba: tumbin ya tafi, gwiwa ta yi ƙarfi. Rannan wata akuya ta figi littafin aji, na bi ta na kamo kafin ta kai tafki, ko haki ban yi ba.

Da la'asar ɗin ranar ina zaune a tsakar gida, Wasila na ɗinki. Na miƙe ƙafa, na dubi ƙwaurina, na ce, "Kin san wani abu? Da yanzu za a sake maraton ɗin nan..."

Ta ajiye allura. Ta tashi ba gaggawa, ta leƙa waje ta ga ko akwai mai wucewa, ta rufe ƙofa, ta sa sakata.

"To," ta ce. "Faɗi a hankali."